Me ya sa ginin binciken kimiyya yake cin rodi haka?

Kawuna ya fi shekara talatin yana lanƙwasa rodi. Da wuya ka bi wani lungu a Nima ko Mamobi ba ka wuce benen da hannunsa ya shiga ba. Kwanan baya wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aikin ginin binciken kimiyya na wata jami'a a nan Accra, bene mai hawa huɗu. Ranar Juma'ar makon farko, bayan an sauko daga masallaci, sai ga shi da jadawalin rodi a naɗe cikin aljihu. Ya shimfiɗa takardar a kan tabarma ya ce: "Ɗana, ku da kuka yi karatun abin, duba min nan. Hawa huɗu ne kacal, amma rodin da ke cikin fila ɗaya ya ishe ni ɗaure biyu a wani benen da ya fi shi tsawo. Ko dai wani ne yake son cin kuɗin makaranta?"

Mutumin da ya san nauyin rodi a kafaɗarsa tun ban iya tafiya ba, in ya yi irin wannan tambaya dole a zauna a ba shi amsa. Kuma a garin nan mun sha ganin kwangilar da aka kumbura. Amma da na bi takardar layi-layi ban ga almubazzaranci ba. Ni ma lissafin ƙashin gini ne abincina, wato filoli da bim da dekin da harsashi, abubuwan da fenti da tayil suke rufewa. Abin da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi har aka kira la'asar shi ne, gidan kwana ko kanti abin da ake nema gare shi ya tsaya kada ya faɗi. Ginin bincike ana neman wannan, sannan a nemi ya natsu kada ya motsa. Natsuwar ce take cin kuɗi.

Nauyi shi ne mai sauƙin gani. Kankaren da ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana da kilo 2,400. Ke nan dekin ɗin gida mai kaurin milimita 150, kowace murabba'in mita tasa kilo 360 ce tun ba a ɗora ko kujera ba. A kan wannan ake ƙara abin da zai hau. Gidan zama akan lissafa masa kilo 150 zuwa 200 a murabba'in mita, ofis 250 zuwa 300, ɗakin gwaje-gwaje kuwa daga 300 zuwa 500, wani lokaci fiye. Firizar da ke ajiye jini da sauran samfura a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili takan kai kilo 300 ba komai a cikinta, kuma ba guda ɗaya ake saye ba, jera su ake yi kamar sahu. Ga tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta, ga na'urorin jan iska a saman rufi, ga tankunan ruwa. Duk mazaunin Accra ya san ba a gini babu tanki, kuma tanki mai lita 10,000 in ya cika tan goma ne zaune a wuri ɗaya. Sannan injiniya yana lissafa na'urar da ba a ƙera ba tukuna, domin ɗakin da yau ake koyar da 'yan aji ɗaya a ciki, nan da shekara goma sha biyar wani farfesa zai samu tallafi ya shigo da injin da ba wanda ya yi tunaninsa.

Har nan kawu bai musa ba. Inda ya gyara zama shi ne da muka zo kan rawar dekin.

Ka ɗauki ɗalibar da ke ƙirga ƙwayoyin zazzabin cizon sauro a ɗigon jini. Ta sa ido a maikuroskof, ta ƙara girman abin sau dubu, ta kai ƙirga ta arba'in da wani abu. Wani ya bi ta baranda da sauri zai je aji. Ita ba ta ji komai a ƙafarta ba, amma hoton da ke idonta ya yi rawa kamar ruwan randa da aka taɓa, ƙirgar ta ɓace. A ɗakin da ke kusa, ma'aunin da ke auna kashi ɗaya cikin dubu goma na giram ya ƙi tsayawa a lamba ɗaya. Ginin lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu, zai shekara ɗari a tsaye. Sai dai aikin da aka gina shi dominsa ba ya yiwuwa a cikinsa.

Kowane dekin yana da kiɗansa, kamar fatar kalangu. In an ɗaure fata tamau sautinta ya yi sama, in ta saki ya yi ƙasa. Ɗan Adam yana taka ƙasa kamar sau biyu a sakan ɗaya. Idan kiɗan dekin ya zo daidai da wannan taku, ko ninkinsa biyu ko uku, sai kowane taku ya ƙara wa na baya ƙarfi, yadda yaro ke tura ɗan'uwansa a lilo da ɗan turi kaɗan amma a kan lokaci. Shi ya sa ake neman dekin mai tauri wanda kiɗansa ya haura bugu takwas zuwa goma a sakan, ya yi nesa da takun mutane. Ana auna rawar da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma silin gashin kai ɗaya yakan kai kamar 70. Ɗakin tiyata ana so saurin rawarsa kada ya wuce maikuromita 100 a sakan. Maikuroskof mai ƙara girma sau 400 yana son 50. Manyan na ilektiron kuwa sukan nemi a sauko kusa da 6, abin da jikin mutum ba ya ji ko kusa.

Hanyar samun wannan tauri biyu ce, kuma duka biyun rodi da kankare suke ci. In ka ninka tazarar da ke tsakanin filoli biyu, ka bar kaurin bim da lodinsa yadda suke, lanƙwasarsa sau goma sha shida take ƙaruwa. In kuwa ka ninka kaurin, taurin ya ƙaru sau takwas. Don haka mai lissafi yakan matso da filoli kusa, ya kai dekin milimita 300 ko fiye. Dekin mai wannan kauri kilo 720 ne a murabba'in mita, ninki biyu na na gida, kuma duk wannan nauyi a kan filoli yake sauka, su kuma su miƙa wa harsashi. Na ce da shi: "Kawu, rodin da kuka gani a fila, rabinsa ba hawa huɗu yake ɗauka ba, kaurin dekin yake ɗauka."

Akwai dabarun da ba na rodi ba ne, kuma ni a ganina su suka fi nuna gwaninta. Na'urar da ta fi kowace ƙin motsi ba a hau da ita sama. A ƙasa ake zaunar da ita, a kan dunƙulen kankare nata na kanta, a bar ɗan rata tsakaninsa da sauran daɓen don rawar ginin kada ta tsallaka. Baranda ana bi da ita ta layin filoli inda dekin ya fi tauri. Janareta kuwa, wanda tun wahalar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta 2015 ba wanda zai yarda ya gina ɗakin firizoji babu shi, ana fitar da shi waje a ɗora shi a kan roba ko sifirin. Kafin a ja layi ɗaya a takarda ya kamata a kai na'ura filin a auna abin da ƙasar kanta take yi, domin filin da ke bakin titin Madina inda tifofi ke wucewa da yashi ba ɗaya yake da wanda ke can cikin harabar makaranta ba. Wasu injinan ma masu babban maganaɗisu, lif mai hawa da sauka ko mota mai wucewa kusa tana ɓata musu karatu, don haka tun a zane ake nisanta su.

Tsayin hawa ma ya ba kawu mamaki, ya ce kowane hawa kamar masallaci. Ɗakin gwaji yana da hanji da yawa: bututun fitar da hayaƙin sinadarai, na shigo da iska mai tsabta, na gas, na ruwa iri biyu ko uku, wayoyi. Duk a ƙarƙashin dekin suke bi, shi ya sa hawa ɗaya yakan haura mita huɗu inda na gida yake tsayawa a uku. Faɗin ɗakunan kuma ba da ka ake yanke shi ba, akan bi ma'aunin mita uku da 'yan kai, wato teburin aiki a dama, wani a hagu, da hanyar da mutum biyu za su gifta a tsakiya ba su gogi juna ba, sai a dasa filoli a ninkin wannan. Don bututai su wuce ba cikas, sau da yawa ana yin dekin shimfiɗaɗɗe wanda ya zauna kai tsaye a kan filoli babu bim. Yana da kyau, amma yana da lagonsa: wurin da fila ta tokare shi. In kankaren wurin bai da kauri da rodin da ya dace, fila tana iya huda shi yadda tsinke ke huda ƙosai, kuma irin wannan faɗuwa ba ta sallama. Saboda haka duk ramin da bututu zai bi dole a san da shi tun a zane. Na taɓa tarar da mai aikin famfo ya kafa injin huda taku ɗaya daga jikin fila, ya riga ya yanke rodi biyu, don kawai bututunsa ya miƙe. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wannan ba zancen ƙasashen waje ba ne. Cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Legon, wadda aka kafa a 1979 da taimakon Japan, da cibiyar binciken cututtuka ta KCCR da ke harabar jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST a Kumasi tun 1997, su suka ɗauki nauyin gwajin korona a farkon annobar a 2020. A ɗakunan da ake aiki da ƙwayoyin cuta masu haɗari, ana riƙe iskar ciki ne yadda kullum za ta riƙa shiga ba ta fita sai ta matata. Tsagar da a gidanka za ka shafe da siminti ka manta, a irin wannan ɗaki ƙofa ce.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Duk nauyin nan da muka tara don ginin ya natsu, ranar da ƙasa ta girgiza shi ne zai zame mana abokin gaba, domin ƙarfin da girgiza ke tura gini da shi gwargwadon nauyin ginin ne. Kuma Accra garin girgiza ne, ko da mun manta. Ta 1862 ta lalata fadar Osu. Ta ranar 22 ga Yunin 1939, mai ƙarfin maki 6.5, ta kashe aƙalla mutum 17 ta raunata fiye da ɗari, kuma gidajen da gwamnatin mulkin mallaka ta gina a Mamprobi da Korle Gonno don waɗanda suka rasa muhalli suna cikin abin da ta bari. Tsagogi biyu na ƙarƙashin ƙasa ne sanadi, ɗaya ta biyo duwatsun Akwapim, ɗaya ta biyo gaɓar teku, kuma yankin Weija da McCarthy Hill ne ya fi jin motsinsu. Ba wanda ya kai shekara goma sha biyar a garin nan da bai ji ɗan motsin Disambar 2018 ko na Yunin 2020 ko na Disambar 2022 ba. Wanda kuma yake ganin abin nesa ne, ya tuna Christian Atsu, ɗan ƙwallonmu da bene ya danne a Hatay ta Turkiyya a girgizar 6 ga Fabrairun 2023.

Akwai wani abu da ke damuna a nan. Yawancin injiniyoyinmu sun tashi ne da ƙa'idar kankare ta Ingila, BS 8110, wadda ba a rubuta ta don ƙasar girgiza ba, kuma ita Ingilar kanta ta janye ta a 2010 ta koma ƙa'idojin Turai. Ghana ta fitar da kundin ƙa'idar gininta, GS 1207, a 2018. Kundi yana nan, amma hannu bai gama sabawa ba.

Gini mai jure girgiza ba wanda ya fi kowane ƙarfi ba ne, wanda ya iya lanƙwasa bai karye ba ne, kamar gora a iska. Ana tsara shi ne yadda in abu ya kai maƙura, bim ne zai fara sallamawa, fila ta tsaya, domin bim in ya tsage ana gyarawa, fila in ta tafi ta tafi da duk abin da ke samanta. Ana kuma zuba bangayen kankare tun daga harsashi har rufi, yawanci a zagayen matakala da lif, a daidaita su dama da hagu don ginin kada ya murɗe. Abu biyu ne ake gudu, kuma duka biyun sun cika garin nan. Na farko hawan ƙasa da aka bari fayau, filoli kawai babu bango, don a samu wurin ajiye motoci ko babban zaure, alhali saman cike yake da bulo. Na biyu shi ne bangon da aka ɗaga har kusa da sama aka bar siririyar taga a tsakanin filoli, irin na azuzuwan makarantunmu. Bangon yakan kama fila ya bar mata ɗan guntun wuya, duk ƙarfin girgizar ya taru a nan ya tsinke ta.

A nan ne aikin kawu ya shigo tsakiyar lissafi. Zobban da ake ɗaure wa rodin fila, ya saba lanƙwasa bakinsu a kwanar digiri 90, ya jera su da tazarar taƙi guda. Wannan takarda ta ce digiri 135, bakin ya koma cikin cikin kankare, kuma kusa da kan fila da gindinta a matse su zuwa milimita 100. Dalili kuwa, in gini ya fara kai da komowa, fatar kankare ta waje ce take fara zubewa. Zoben da bakinsa yake a fatar sai ya buɗe, dogayen rodin su bankaro waje, cikin fila ya zube kamar an kwance buhun tsakuwa. Wanda bakinsa ya nutse ciki kuwa yana nan riƙe da ƙugun fila. Lanƙwasa ce ta 'yan sakanni a hannun mai rodi, sai dai tana wahalar da shi wajen zura zoben, shi ya sa ake yawan tsallake ta in ba mai dubawa.

Kuma a ginin bincike, ko ƙashi ya tsira, kayan ciki na iya kashe mutum. Kwalaben asid a kan kanta, tukwanen gas a tsaye, firizar da ke ɗauke da samfuran shekara ashirin. Duk sai an ɗaure su da bango ko daɓe, kuma wurin ɗaurin ma lissafa shi ake yi.

Ƙasar da za a dasa ginin kuwa sai an tambaye ta. Ana haƙa ramuka masu zurfi a wurare da dama a filin, a ciro samfurin kowane mataki a kai ɗakin gwaji. Tudun Legon daban, bakin tafkin Korle daban, inda yashi mai ruwa in an girgiza shi yakan saki ya koma kamar kunu. A filayen gabas ta wajen Akuse akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Kumasi ba ta da fargabar girgiza irin ta Accra, amma ruwan samanta ya kusa ninka na Accra, kuma jar ƙasarta takan yi tauri a sama ta yi laushi a ƙasa, ta yaudari mai haƙa da shebur. Kuɗin wannan bincike ɗan kaɗan ne a kan kuɗin ginin, amma shi ake fara yankewa in aka ce a rage.

Saura abin da takarda ba ta iya yi da kanta. Iskar Accra gishiri gare ta. In ya ratsa kankare ya kai ga rodi, tsatsa ta kama, kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, sai ta tura kankaren ya fashe daga ciki. Wanda ya bi ta Chorkor ko James Town ya ga baranda da rodi a waje kamar haƙarƙari. Maganinsa kaurin kankaren da ke rufe rodi, milimita 40 zuwa 50 a wurin da iskar teku ke bugu, kuma abin da ke tabbatar da shi 'yan biskit ɗin siminti ne da ake sa wa a ƙarƙashin rodi kafin zubi. Lebura ya taka su da baro suka murƙushe, rodin ya kwanta a kan katako, shi ke nan an rage wa ginin shekaru. Haka yashin teku, haka ruwan da ake ƙara wa kwaɓi don ya yi saurin zuba daga kwanon sarki: buhun siminti mai kilo 50 ruwansa bai kamata ya wuce lita 25 ba. Haka rodin da ake sayarwa mai milimita 11.5 a maimakon 12, wanda ido ba ya bambancewa amma ƙarfen cikinsa ya ragu da kashi takwas cikin ɗari. Benen kantin Melcom da ya rufta a Achimota ranar 7 ga Nuwamban 2012 ya kashe mutum 14, kuma ba girgiza aka yi ba a ranar.

Shi ya sa a kowane zubi ake cika 'yan akwatuna masu milimita 150 da kankaren da aka zuba, a rubuta kwanan wata da wurin da ya shiga, a jiƙa su a ruwa, a murƙushe wasu a inji ranar bakwai, sauran ranar ashirin da takwas. In lambar ba ta kai ba, ana iya cewa a fasa fila a sake, ko da ɗan kwangila zai yi kuka.

Mako biyu bayan zamanmu na bi ta wurin aikin. Na tarar da kawu a ƙarƙashin rumfar kwano, ya sake kafa ƙusoshin teburin lanƙwasarsa don su ba da sabuwar kwanar. Yana da yara uku masu koyo, ɗaya ya kawo masa zobe, ya juya shi a hannu, ya ga bakin bai shiga ba, ya mayar masa ya ce ya sake. A gefe ga rabin duro cike da ruwa, akwatunan kankaren harsashi guda shida a ciki, an rubuta musu kwanan wata da jan fenti. Saura kwana goma sha tara a kai su inji.